Aikin Famfo Kafin A Shafe Bango Ake Duba Shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani abu da ba a cika taɓawa ba. Kusan kowane mako sai na karanta labarin ƙarancin ruwa a Kano: unguwa kaza ta yi watanni famfo bai kawo ba, 'yan garuwa sun ƙara kuɗin jarka, ana kira a gyara matatun Challawa da Tamburawa. Duk gaskiya ne, a ci gaba da faɗa. Amma akwai ruwan da ya riga ya shigo gida, mai gida ya biya kuɗinsa, ko ya haƙa burtsatse ya sayi man janareta ya tura shi tanki, sannan ya tsiyaye a cikin bango ko ƙarƙashin tayil, ba wanda ya sha, ba wanda ya yi alwala da shi. Wannan ruwan babu mai lissafa shi, alhali shi ne yake cinye ginin mutane, yake haɗa maƙwabta faɗa, wani lokaci har ya kai yara asibiti.

Ni ɗan kasuwa ne, kayan famfo nake sayarwa a Ƙofar Ruwa, tun ina yaron shago har ubangidana ya sallame ni. Ba ni nake shiga gidaje aiki ba, amma mai aikin ta gabana yake bi ya sayi kaya, wanda aikin ya lalace masa kuma nan yake dawowa da guntun fayif a leda yana cewa, "Alhaji, duba min wannan, me ya same shi?" Saboda haka ina jin ta bakin kowane ɓangare, kuma abin da na fahimta shi ne yawancin matsalolin famfo na gidajenmu tun ranar da aka yi aikin aka shuka su, daga baya ne kawai suke fitowa fili.

Bari in fara da fayif ɗin kansa. A idon wanda ba sana'arsa ba ce, duk roba ce. Amma akwai fayif mai kauri da aka yi shi don ɗaukar ruwa mai ƙarfi, irin wanda yake saukowa daga tanki ko yake fitowa daga samo, wato injin da yake turo ruwa daga burtsatse, akwai kuma siriri da aka yi shi don ruwan wanka da na wanke-wanke ya gangara kawai. Na biyun in ka matsa shi da yatsu biyu sai ka ji ya lotsa. A cikin masu kaurin ma geji-geji ne. Idan aka ɗauki siririn aka binne a bango aka sakar masa ruwan tanki, zai iya yin shekara lafiya lau, sannan wata rana ya tsage a tsaye. Lokacin an shafe bango, an yi fenti, an liƙa tayil, wanda ya yi aikin ya canza lambar waya.

Ga yadda abin yake faruwa a gaban kantar shago. Mutum zai shigo da takarda a hannu, an rubuta masa kaya: fayif mai inci ɗaya kaza, mai rabin inci kaza, elbo, ti, soket, gam, kan famfo. Sai ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, haɗa min da na biyu, amma a rasit a sa na farko." Idan ka ƙi, ba zai yi musu da kai ba, takardarsa zai naɗe ya fita, don ya san a kowace kasuwa ba a rasa mai rubutawa. Ina faɗa wa 'yan'uwana 'yan kasuwa kai tsaye cewa wanda ya rubuta wannan rasit ɗin yana da kaso a duk bangon da ya jiƙe. Hadisin nan da Muslim ya ruwaito mun san shi tun muna makarantar allo: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a cikin tarin abincin sayarwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Fayif siriri a bayan filasta mai kyau ba shi da maraba da wannan.

To amma ba zan yi wa masu gyaran famfo adalci ba idan na tsaya a nan, domin sau da yawa mai gida ne yake tura su. Tun bayan cire tallafin mai da sakin darajar naira a 2023, kayan famfo sun yi tashin da har mu masu sayarwa muke jin nauyin faɗar farashi. Mai gida ya riga ya ƙarar da kuɗinsa a bulo da rodi da kwano, ya zo kan famfo aljihu ya yi sanyi. Ya kira gwani ya yi masa lissafi na gaskiya, sai ya ce ana so a cuce shi. Ya kira wani yaro ya faɗa masa rabin kuɗin, sai ya ce wannan mai tsoron Allah ne. Yaron nan ba sihiri zai yi ba. Rabin da ya rage daga kaurin fayif zai fito da shi, da gam ɗin da zai tsotse, da elbon da ba zai saya ba. Na sha ganin mutumin da ya zaɓi tayil mafi tsada a banɗakinsa, amma da aka zo kan bututun da zai kwanta a bayan tayil ɗin ya ce, "Ai ba ganin sa za a yi ba, a sa mai sauƙi." Araha ba ta ado, balle a wurin da sai an fasa gini kafin a kai gare shi.

Abin da na fi so masu karatu su riƙe daga wasiƙar nan shi ne gwaji. Kada wanda ya bari a shafe bango ko a zuba siminti a kan fayif sai an gwada shi da ruwa. Ba abu ne mai wuya ba. Idan an gama shimfiɗa bututu, a toshe duk bakunan da kawunan famfo za su zauna, a cika tanki, a buɗe ruwa ya cika layin gaba ɗaya, a sa alama da alli a daidai inda ruwan tanki ya tsaya, a bar shi ya kwana. Da safe mai gida da kansa ya zo, ya duba alamar, sannan ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya yana shafa busasshiyar takarda a ƙarƙashinta. Inda takarda ta jiƙe, nan aiki bai yi ba, kuma a ranar gyaransa elbo ɗaya ne da ɗan gam. Manyan gwanaye suna da ɗan famfon hannu mai agogo da suke matsa ruwa da shi su ga ko allurar za ta sauka, wannan ya fi, amma ko babu shi gwajin kwana ɗaya yana kama mafi yawan ɓarna. Kafin birkila ya ɗauki cokalinsa kuma, a ɗauki hoton kowane bango da waya, a ga inda bututu ya bi. Ranar da za a kafa ƙusar labule ko a rataya madubi, ko ranar da za a nemi inda yake yoyo, hoton nan zai hana a farfasa ɗaki guda ana lalube.

Abin da yake hana wannan gwajin gaggawa ce. Birkila yana jira, mai tayil ya karɓi kuɗi, an sa ranar tarewa, amarya na hanya. Sai mai famfo ya ce, "Alhaji, ba komai, aikina ne, a rufe." Gwanin gaske ba ya faɗar haka. Shi da kansa yake hana a rufe, domin sunansa ne a cikin bangon.

Akwai ƙananan abubuwa da ko wanda bai san aikin ba zai iya lura da su idan ya tsaya. Gam ɗin fayif ba liƙi kawai yake yi ba, narkar da fuskar robar yake yi su haɗe, don haka dole a goge ƙura da danshi, a shafa shi a ɓangarorin biyu, a tura a riƙe, sannan a ba shi lokaci ya kama kafin a sakar masa ruwa mai ƙarfi. Wanda ya shafa gam yanzu ya buɗe ruwa yanzu don ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ya bar maka aiki. Idan kuma ka ga an hura wuta da takardar siminti ana gasa fayif don a lanƙwasa shi ko a buɗa bakinsa, to kuɗin elbo da soket ne ake cinyewa, kuma wurin da aka gasa nan ne zai fara tsagewa. Koren fayif ɗin nan na PPR da ake yayi yanzu yana da kyau ƙwarai, yana jure ruwan zafi, kuma ba gam ake sa masa ba, na'ura ce take narkar da bakinsa a haɗe. Amma idan aka bar shi ya daɗe a kan na'urar, robar tana narkewa ta tattaru a ciki ta rage hanyar. An taɓa kawo min guntun da aka yanko daga wani gida da aka yi ta zargin samo ba shi da ƙarfi. Da muka ɗaga shi a rana, ramin da ya rage a mahaɗar da ƙyar fensir zai shiga.

Danshin bango kuwa, duk wanda ya zauna a gidan haya ya san shi. Fenti ya kumbura, filasta ta fara zuba, wani farin gari ya fito a ƙasan bango, ɗaki ya riƙa warin ruma, kayan sawa a cikin sif su yi baƙi-baƙi. Mai gida sai ya aiko mai fenti, bayan wata biyu abin ya dawo, domin ruwan yana nan yana fita. A cikin birni, inda gidaje suke jingine da juna kuma har yanzu akwai ginin ƙasa da yawa, abin ya wuce maganar kyan ɗaki. Banɗakinka yana yoyo, katangar maƙwabcinka take sha. Ta yi rani tana jiƙewa a hankali, damina ta zo ta ƙarasa ta. Sai a ce ruwan sama ne ya rushe ta, alhali ta daɗe da mutuwa daga ƙasa. Masu unguwanni sun san yawan ƙarar da ake kai musu a kan wannan.

Na tanki ba zan daɗe a kai ba. Ƙwallon nan da yake rufe ruwa idan tanki ya cika ba shi da tsada, amma ka zaga unguwa da safe lokacin da aka kawo wuta ka ga yadda tankuna suke ambaliya a kan titi, a layin da wasu suke bin mai kura da jarka. Kan famfon da yake ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kusan jarka guda a yini, kuma sau da yawa ƴar robar ciki ce kawai ta cinye. Maimakon a canza ta, sai a ɗaure shi da robar tif ko leda a ci gaba. Tankin masai ma yana satar ruwa shiru. A ɗiga ɗan bula a cikinsa, a jira kaɗan ba tare da an ja ba, idan shuɗin ya sauko ƙasa to yana yoyo dare da rana. Sannan mutane su sani lita 1,000 na ruwa tan guda ne. Tanki mai lita 2,000 a kan siririn ƙarfe da walda ta ɗis-ɗis, a tsakar gidan da yara suke wasa, ganganci ne. Masu kukan shawa ba ta da ƙarfi kuma su daina sayen babban tanki da fatan za ta gyaru, ƙarfin ruwa daga tsayin tanki da faɗin bututu yake zuwa, girman tankin ba ya ƙara shi.

Warin banɗaki shi ne abin da mata suka fi kawo kuka a kai, domin su ne suke wuni a gida, kuma su ake ɗora wa laifin rashin tsafta. Wata baiwar Allah ta taɓa aiko ɗanta ya sayi maganin wari, har na lura yaron ya cika zuwa. Na tambaye shi, ya ce kullum sai an wanke banɗakin amma warin yana nan. Na haɗa su da wani dattijon mai gyara, ya je ya tarar bututun ƙasan banɗakin miƙe yake zuwa sokawe, babu ƴar gwiwar nan da take riƙe ruwa. Wannan ɗan ruwan da yake zama a gwiwa shi ne ƙofar da take hana iskar rami dawowa ɗaki, da kyankyasai. Bututun da ya kamata a ɗaga sama da rufi don iska ta fita shi ma ba a sa ba. Aikin rabin yini ya raba ta da abin da ta daɗe tana shan gori a kai. Haka maganar gangara. Bututun masai mai inci huɗu yana son faɗuwar kusan inci ɗaya a kowace ƙafa huɗu. Idan aka kwantar da shi daidai wa daida, ƙazanta za ta zauna a hanya, kuma ba za a rabu da toshewa ba. Ya kamata kuma a bar ƴar cemba mai murfi a duk inda bututu ya karya kwana, yadda za a zura sanda a buɗe ba sai an haƙa ba.

Toshewar da ta rage kuma daga hannunmu take. Famfas ɗin yara, audugar mata, ledar fiya wata, tsumma, duk masu gyara suna zaro su daga bututu. A wurin wanke-wanke kuwa maiƙo ne da guntun tuwo da yashin da aka goge tukunya da shi, su daskare su zama kamar siminti. Sai a je a sayo asid ko soda a zuba. Wannan yana ƙona hannu da ido, ba ya narkar da leda, kuma yana kashe ƙwayoyin da suke narkar da ƙazanta a cikin rami, sai ramin ya riƙa cika da wuri.

Yanzu ga wanda ya fi tayar min da hankali. Tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka jawo ruwan famfo daga Challawa zuwa birnin nan, aka gina madatsar Tiga a 1974, amma garin ya yi girman da yawancin sababbin unguwanni ba su taɓa ganin ruwan gwamnati ba. Kowa da rijiyarsa ko burtsatsensa, kowa kuma da sokawensa. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30, wato kusan ƙafa 100, tsakanin ramin ƙazanta da wurin ɗiban ruwan sha. A filin da aka yanka ƙafa 50 da 50, ina za a samo wannan tazarar? Ko ka nesanta naka, ba ka san inda maƙwabcin bayanka ya haƙa nasa ba. Sai ka ga sokawen wannan da rijiyar wancan katanga ce kawai a tsakani. Mai famfon kirki, kafin ya nuna inda za a haƙa rami, sai ya leƙa ya tambayi maƙwabta ina rijiyarsu take. Mai haƙa burtsatse na kirki kuma yana zuba siminti ya rufe kewayen bututun daga sama don ruwan saman ƙasa kada ya gangara ciki. Waɗannan abubuwa biyu ba a ganin su bayan an gama, shi ya sa ake tsallake su.

A tsofaffin unguwanni kuma, duba cikin lambatu ka ga siraran bututan ruwan sha kwance a cikin kwata, an ɗaɗɗaure su da roba. Lokacin da ruwa yake gudu da ƙarfi, fita yake yi ta hudar. Da zarar an ɗauke ruwa, bututun yana iya zuƙar abin da yake kewaye da shi, in an dawo da ruwa ya kai shi randar gida. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta lissafa sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani tare da Bauchi da Jigawa. Ban ce duka daga famfo ba ne. Amma cutar ta hanyar ruwa da abincin da ƙazanta ta taɓa take yaɗuwa, kuma bututu a cikin kwata hanya ce buɗaɗɗiya. A dawo da duba-gari da ƙarfinsu su riƙa kallon wannan.

Ina kuma roƙon iyaye da masu gidaje, don Allah kada a bar kowa ya shiga ramin sokawe, ko don gyara ko don waya ta faɗa. Iskar da take ciki tana sumar da mutum kafin ya yi ihu. Mun sha jin sanarwar hukumar kashe gobara: na farko ya shiga bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi ceto, shi ma ya tafi. A kira motar kwasa, in an yi hatsari a kira masu kayan aiki.

To wa za a ɗauka aiki? Mutane suna tambayata wannan kullum. Amsata ita ce kada ka tambayi mai famfo ko ya iya, kowa zai ce ya iya. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu ko uku da suka wuce, ka gaisa da mai gidan, ka roƙi a nuna maka bayan bangon banɗaki. Wanda aikinsa yake da kyau da murna zai kai ka. Ka san inda yake zama, ka san wanda ya koya masa, ka san wani babba da yake jin nauyinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin mai gyaran famfo har ƙuryar gida yake shiga, inda ko abokin mai gida ba ya kaiwa. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki a rubuce. In da hali ku je kasuwa tare, ka riƙe fayif ɗin da hannunka, ka karanta abin da aka buga a jikinsa. A yi magana tun farko cewa wani kaso na kuɗin aiki sai bayan gwaji, kuma idan mahaɗa ta yi yoyo cikin wata kaza zai dawo ya gyara ba tare da sabon ciniki ba. Idan gyara ne, abin da aka cire a bar maka shi. Kuma ka sa ya nuna wa uwargida da babban yaro inda ake kashe ruwan gidan gaba ɗaya, ya sa wa kowane banɗaki nasa makashin. Bututu ba ya zaɓar lokacin da mai gida yake nan kafin ya fashe.

Idan kuma ka samu na kirki, ka riƙe shi da mutunci. Akwai dattawa a sana'ar nan da na sani, ba su taɓa neman in ƙara ko sisi a rasit ba, amma sai ka ji suna bin manyan mutane bashin kuɗin aiki wata da watanni, ana ce musu Alhaji ya yi tafiya. Mutum ya sa hannunsa a inda kai ba za ka iya kallo ba, sannan a tsaya ana yi masa cinikin wulaƙanci a ƙofar gida, ana kiran sa "kai mai famfo" ko sunansa ba a tambaya ba. An umarce mu da mu biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Irin wannan ne yake sa gwanaye su koma aikin kamfanoni da manyan gine-gine a Abuja, a bar unguwa da 'yan koyo.

'Yan koyon ma ba na ganin laifinsu sosai. Yaro ya yi wata shida yana riƙe wa ogansa sifana da zarto, gida ana jiran ya kawo wani abu, sai ya sayi jaka ya ce shi ma ya zama injiniya. Ba wanda ya gwada shi, ba wanda ya yaye shi. Alhali hanyoyin suna nan. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku, akwai hukumar shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci ta NABTEB, akwai asusun ITF da aka kafa tun 1971 don horar da ma'aikata, ga hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE a Kaduna da tsarinta na ba masu sana'ar hannu shaida. Muna da kwalejojin fasaha a Kano da Wudil da Bagauda da Ungogo. Me zai hana a buɗe ajin yamma na 'yan watanni, da Hausa, ga waɗanda suka riga suka shiga aikin, a koya musu gangara da geji da gwaji da tazarar rami, a ba su shaidar da mai gida zai iya tambaya?

Kuma tsarin da nake nema ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Magina suna da Sarkin Magina, maƙera da Sarkin Maƙera, mahauta da Sarkin Fawa, wanzamai da Sarkin Aska. Idan ɗan sana'a ya yi ɓarna akwai inda ake kai ƙara, akwai wanda zai kira shi ya tsawatar, ya sa shi ya gyara. Aikin famfo ya zo daga baya, bai samu wannan gatan ba a yawancin unguwanni. Ina kira ga dattawan sana'ar a kowace ƙaramar hukuma su haɗa kansu, su yi rajistar mutanensu da katin shaida mai hoto, su ajiye sunayen a wurin masu unguwanni, su kuma yarda a kawo musu ƙara. Mu 'yan kasuwa a namu ɓangaren, shugabanninmu su sa doka a kan rasit na ƙarya da sayar da siririn fayif da sunan mai kauri, hukumar kula da ingancin kaya ta SON kuma ta riƙa leƙowa tana auna abin da ake bugawa a jikin kaya.

Daga gare ka kuma, Malam Edita, ina roƙon abu biyu. Ka tura wakilinka ya zaga sababbin unguwannin bayan gari da tef a hannu, ya auna tazarar sokawe da rijiyoyi a layi ɗaya kawai, ya buga abin da ya gani. Sannan ka ware ɗan fili ko sau ɗaya a wata, a gayyato gwanin famfo ya amsa tambayoyin masu karatu, musamman yanzu da masu gini suke hanzarin rufe aiki kafin saukar damina.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai sayar da kayan famfo,
Kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano.